Muryar Anselmo a Bakin Leopoldo

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso, kunnuwa na jiranta.

To ku gyara zama. Wannan ta maƙwabtana ce, Don Anselmo da matarsa Doña Casilda, waɗanda ƙofarsu ke kallon tawa a gidan hayarmu na unguwar Portales. Don da Doña ɗin nan lakabin girmamawa ne a wajenmu. Tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ni na riƙe 'yarsu ta fari ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa ni da Casilda ba ma kiran juna da suna, sai komadre. Abin da ya shiga ɗakinsu kuwa, ko ban tambaya ba, sai ya biyo igiyar shanya ya iso ni.

Anselmo ya ƙare ƙuruciyarsa a wani babban gidan talabijin yana aikin raɗa. 'Yan wasan nan da muke kallo da yamma ai ba haddace maganarsu suke yi ba. Kowannensu yana da ɗan abu a kunne, ƙwayar wake ake ce masa don ƙanƙantarsa, shi kuma Anselmo yana can wani lungu da takardun wasa a gabansa yana karanta musu. Ya ce, su ce. Juya hagu. Dube ta. Ina son ki. Yi kuka. Duk hawayen da matan gidanmu suka zubar a gaban akwatin talabijin, daga bakin Anselmo ya fara fitowa. Amma a gida, in kin ji mutumin nan ya haɗa kalma biyar a jere, to gishiri ne bai ji a wake ba.

Casilda ɗinki take yi, rigunan amare da na 'yan mata masu bikin cika shekara sha biyar. Kowace Kirsimeti kuma ita ce Shaiɗan a wasan cocinmu, da jela da ƙaho, har yara su riƙa ɓuya a bayan iyayensu. A nan Itzel ta san ta. Itzel 'yar mai shagon gurasar masara, wato tortiya, ce ta bakin kwana, a gabanmu ta girma, ta je ta karanto harkar fim, ta dawo tana shirya wasannin nan na waya da ake kallo a tsaye, kowane kashi minti ɗaya da ɗan wani abu, a yanke shi daidai inda zuciyar mutum ta rataye.

Ta zo wata safiya ta zauna a kan buhun ƙyallaye ta yi mana bayani. Ta ce kamfaninsu ya gano ashe ba 'yan mata ne suka fi kallo ba, irinmu ne: mata masu furfura a cikin motocin hayar Bogotá da Lima, da masu gugar zanin gado a otal-otal na Houston, su kalli kashin farko-farko kyauta, labari ya kama su, su zauna suna haƙuri da talla don a buɗe musu na gaba. Sun gaji da yarinya matalauciya da ta auri maigidanta mai kuɗi. Don haka an ba ta damar gwada wani abu sau ɗaya: tsohuwar tela da mijinta ya mutu, da attajirin da ya taɓa son ta a ƙuruciya ya dawo. Tela take nema, mai fuskar da ba ta tsoron kyamara. Sharaɗi ɗaya ne, Casilda ta ajiye maganar Portales a gida, ta yi irin Sifaniyancin nan da ba na kowane gari ba, don kada matan Lima su ce ba su gane ba.

Casilda ta ce sai ta tambayi tsohonta. Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya ce ta je mana. Bai tambayi wa zai fito a attajirin ba.

Don Leopoldo ne. Ku yara ba ku san shi ba, amma a zamaninmu mata sun yi ta yanke hotonsa daga mujalla. Yanzu gashin baki sai da rini, tumbi sai da ɗamara, amma muryar tana nan kamar zuma a kan burodi mai zafi. Matsalarsa guda: tunda yake bai taɓa haddace layi ɗaya ba, bai ma taɓa karanta takardar wasa ba. Abin da ya shigo ta kunne shi ke fita ta baki, ba ya biyawa ta kai. Yaran Itzel ba su san aiki da ƙwayar wake ba, shi kuma ya ce ba zai buɗe baki ba sai da ita. Casilda ma ta ga yawan maganar da za a ɗauka cikin mako guda ta ce ita ma a sa mata. Wa ya iya raɗa? Ita da bakinta ta ce ai akwai shi a gida yana zaune yana gyara rediyon da ba abin da ya same shi.

Haka muka ɗunguma zuwa wani tsohon gida da suka kama a unguwar Coyoacán, ni ma da dutsen gugata, don an ba ni kula da tufafi. Leopoldo na ganin Anselmo ya rungume shi yana cewa ga muryata, ga ɗan'uwana, shekara nawa kana cikin kunnena. Sannan ya juya ya kama hannun Casilda ya sumbata, ya kira ta sarauniya. Na ga Anselmo ya bi hannun da kallo har ya koma cikin aljihun rigarta.

Aka zaunar da Anselmo a ɗakin ajiya na bayan kicin, da makirfo da ɗan allo da ke nuna masa abin da kyamara ke gani. Teburin gugata yana gefensa, don haka duk abin da zan faɗa muku a kan idona aka yi.

Ku kun san yadda hoton waya yake, siriri, dogo. Mutum biyu ba sa shiga sai sun matse. Tun safe abin da ake ji daga bakin Itzel ke nan: ku matso, Doña Casilda ƙara matsowa, Don Leo kafaɗarka ta fita. Har sai hancinsa ya kusa taɓa nata. A falo abin dariya ne, don Leopoldo a kan akwatin katako yake tsaye saboda ta fi shi tsawo, ita kuma daga ƙugu zuwa ƙasa silifas ɗinta na wanki ne a ƙafa. Amma a allon Anselmo ba akwati, ba silifas. Fuska biyu ce kawai cike da allo, da matarsa cikin jan bakin da bai taɓa gani a kanta ba.

Kuma shi ne zai karanta. Shi zai ce, ban daina tunaninki ba ko na dare ɗaya, sai ya ji ta fito daga bakin wani, da zuma a kai, ta sauka a fuskar matarsa. Ya ce, kama hannunta, a kama. Ya ce, shafa kumatunta, a shafa. Ranar farko ya yi aikinsa tsaf. Sai dai na lura bai taɓa tamal ɗin da aka kawo da rana ba, alalen masarar nan, ga shi mai koriyar miya ne, wanda yake so.

A hanyar dawowa cikin jirgin ƙasa ya ce wa taga, ba mu ba, wai turaren mutumin nan ya yi yawa, zai iya sa wa mutum asma. Casilda ta ce ita dai ya yi mata daɗi. Washegari ya sayo turare a bakin tasha ya zuba har karen gidanmu ya yi atishawa. Casilda ta yi kamar ba ta ji ƙamshin ba.

Daga nan aiki ya fara lalacewa. Da farko jinkiri ne. In layin Casilda ne, ya zo mata a kan lokaci, sarai. In na Leopoldo ne, sai Anselmo ya tsaya shan ruwa. Leopoldo ya tsaya baki buɗe kamar kifin kasuwa yana jira, kyamara na ci. A wasan da duk kashinsa minti ɗaya ne, shirun daƙiƙa uku rami ne. Itzel ta ce a sake. Aka sake. Daga baya ya koma haɗiye ƙarshen kalma, Leopoldo ma ya haɗiye.

Ranar da abin ya kai maƙura, a takarda an rubuta attajirin zai ce idanunki ba su tsufa ba. Ina guga na ji Anselmo ya matso da baki kusa da makirfo, cikin muryarsa ta aiki, ba gargada, ya ce: "Gwiwata ta hana ni barci, ga basir."

Leopoldo ya riƙe hannun Casilda a ƙirjinsa, ya lumshe ido, ya faɗa mata haka, kalma bayan kalma, kamar mai karanta waƙar soyayya. Bai ma san me ya ce ba sai da mai riƙe fitila ya zauna a ƙasa don dariya.

Leopoldo ya ce haka aka raɗa masa. Anselmo ya fito da takarda a hannu ya nuna layin, ya ce shi abin da ke rubuce ya karanta, kunne ne dai in ya tsufa yakan jiyo abin da ke cikin ran mai shi. Ni aka duba, na duba kwalar rigar da nake gogewa. Mutum ɗaya ce ban da ni ta san gaskiya, don ƙwayar waken Casilda da ta Leopoldo murya ɗaya suke ɗauka. Casilda ta tsaya a kan silifas ɗinta tana gyara rigarta. Ba za ta kunyata mijinta a gaban yaran da ta haifi sa'anninsu ba.

Abin da ya ba ni tausayi, Leopoldo ya yarda. Na same shi a bayan gida zaune a kan akwatinsa na katako yana tura ɗan yatsa a kunne, yana tambayata ko na lura yana rikicewa kwanan nan, don haka babansa ya fara.

Kafin mu tashi Itzel ta zo ɗakin ajiya ta rufe ƙofa. Ta ce an ɗauki fiye da rabi, ba halin canza Don Leo. In gobe ma haka aka yi, kamfani zai rufe wasan ya koma wa yarinya da maigidanta, ba kuma wanda zai sake ba ta kuɗin labarin tsofaffi. Gobe ne babban kashi, inda attajirin zai nemi auren tela. Ta roƙi Don Anselmo ya riƙa karanta wa tsohon a hankali, da ƙarfi, ya taimake shi. Anselmo ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa.

Da sassafe ina shanya na ji su. Casilda na bakin famfo tana wanke kofuna, shi yana tsaye da tawul a wuya.

"Tsoho," ta ce, "shekara nawa ina zaune gaban akwatin nan ina kallon mata masu jan baki ana ce musu ina son ki, na kuma san muryar wa ke bayan maganar? Ka taɓa jin na yi ƙorafi? In goge maka riga ka je ka raɗa wa matan duniya, ka dawo ka ce mini wake ba gishiri. Yau sau ɗaya za a faɗa mini, ko da na haya ne, shi ne ya tsaya maka a wuya."

"Hancinsa yana taɓa naki."

"Waya ce siririya."

"Ko an ce a tsaya ba ya sakin hannunki. Wannan ma wayar ce?"

"To ga hannun." Ta miƙa masa shi da kumfar sabulu. "Kai ka riƙe mana."

Ya dubi hannun, ya dubi igiyar shanya inda nake, ya ce za su makara. Ta ɗauraye hannunta ta goge a jikin zani. Ta ce masa a hankali, in wasan nan ya mutu ta dalilinsa, ita da kekenta na ɗinki sun koma Toluca wajen 'yarsu, ya zauna da rediyonsa su yi ta shiru tare. Da na shiga karɓo rigar wasa na ga akwatin tafiyarta a kan gado, a buɗe. Casilda ba ta sauke akwati don ado.

Aka jera fitilu, aka ɗora Leopoldo a kan akwatinsa. Itzel ta ce ku matso, suka matso. Anselmo ya fara daidai. Layi na zuwa a kan lokaci, Leopoldo ya samu ƙafa, murya ta dawo. Har aka iso inda attajirin zai lissafa jiragen ruwansa da otal-otal ɗinsa ya ce duk bai ɗauke su a bakin komai ba in ba ita. A allo Leopoldo ya riga ya riƙe fuskarta da hannu biyu, don haka aka tsara.

Sai na ga Anselmo ya kife takardar a kan tebur.

Na ajiye dutsen guga. Na ce a raina shi ke nan, komadre ta tafi Toluca. Anselmo ya dubi allon. Sannan ya matso da baki, muryar ba irin ta aiki ba.

"Kin tuna wandon da na kawo miki ki rage mini tsawo, na bikin yayana?"

Ta bango na ji Leopoldo ya maimaita, da zumarsa.

"Kina durƙushe da allurai a baki, kika soke ni a idon sawu, ba ki ba ni haƙuri ba. Wandon ya yi daidai tun ranar. Na dawo na ce bai yi ba. Na sake dawowa. Na yi ta dawowa har ya koma iya ƙwauri, na je bikin da wandon aro. Yana nan a ƙasan akwatina har yau."

Itzel na jujjuya takardunta tana neman inda aka rubuta haka. Ba ta samu ba, amma ba ta ce a tsaya ba, don ta ga fuskar Casilda. Ita kam sau biyu take jin kowace kalma, ta fara shigo mata ta kunne da muryar da ta sani, sannan ta fito daga bakin da ke gabanta.

"Ni ban iya magana ba sai an rubuta mini," in ji Anselmo, in ji Leopoldo. "Ke kuwa ba wanda ya taɓa rubuta mini abin da zan ce miki. Kada ki tafi."

Nan Anselmo ya tsaya. Layin Casilda ne, kuma ba layi. Hawaye ya riga ya wanke mata hodar da aka ɓata awa ana shafawa. Ta sa yatsa ta ciro ƙwayar waken daga kunnenta. Ta kau da kai daga Leopoldo ta dubi cikin kyamara, abin da aka hana ta tun ranar farko, don ta san wa ke zaune a ɗaya gefen. Ta manta da Sifaniyancin da ba na kowane gari ba, ta yi magana kamar a bakin famfonmu.

"Sakarai. Da gangan nake rage shi fiye da kima, don ka dawo."

Itzel ta bari kyamara ta ɗan ci gaba sannan ta ce a tsaya. Ba wanda ya yi dariya. Leopoldo ya sauko daga akwati yana share ido, yana tambaya wa ya rubuta wannan, don ya daɗe bai faɗi abu mai daɗi haka ba. Itzel ta leƙo ɗakin ajiya, ta dubi takardar da ke kife, ta dubi Anselmo, ta dube ni. Yarinyar ba ta da wauta. Abin da ta ce kawai, a nan za ta yanke kashin, sauran kuma don Allah a bi takarda. Aka bi takarda har aka gama.

Za ku ce ai kishi ya ƙare. Ina. Wuri kawai ya sauya.

Da wasan ya fita, kashin wandon ne ya zaga. Mata suka yi ta tura wa juna, daga Lima zuwa Houston. A ƙarƙashinsa sharhi ba iyaka, kuma duk na Leopoldo ne. Wata ta ce ina ma mijinta ya iya magana kamar Don Leo. Wata a Bogotá ta ce tana da keken ɗinki, ya kawo wandonsa ko nawa ne. Aka gayyace shi hira a rediyo, ya ce maganar ba ta cikin takarda, daga zuciyarsa ta ɓullo a take. Ba ƙarya yake ba a ganinsa, ya riga ya manta ta kunne ta shigo.

Anselmo, wanda da ba ya taɓa waya sai in 'yarsa ta kira, ya koma zama a tsakar gida da tabarau a kan hanci yana bin sharhin ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta, ya yi tsaki, ya ce wandona ne fa. Na ce masa kompadre, ai matar taka ce. Ya ce ya sani, amma wandon ma nasa ne. Ranar da aka yi hirar rediyon ya shiga ɗaki ya zazzage akwatinsa, ya fito da wani tsohon wando ruwan toka mai warin maganin asu, gajere kamar na ɗan makaranta, ya shanya shi a tsakiyar igiyarmu. Ba jiƙe yake ba. Duk wanda ya shigo gidan, har mai kawo tukunyar gas, sai ya ja shi ya nuna masa ɗinkin ƙafar, layi a kan layi. Casilda tana daga bakin kekenta tana cewa ya sauke abin nan yana ba ta kunya. Ba ta taɓa tashi ta sauke shi da kanta ba.

Kamfanin ya ba Itzel labarin tsofaffi na biyu, yanzu tana kan na huɗu. Don Leopoldo ya je asibiti an duba kunnensa an ce lafiya lau, yana ci gaba da fitowa a attajiri, kuma ba ya yarda kowa ya raɗa masa sai Anselmo. Anselmo yana raɗa masa daidai, sai dai in an zo wajen kama hannu yakan karanta da sauri. Casilda ta mayar da akwatinta saman kabad, ba ta je Toluca ba sai da Ista, su biyu. A wasa na biyu ta fito a uwar miji mai mugunta, wadda ba mai matsowa kusa da ita, kuma mijinta ya ce wannan ne ya fi dacewa da ita. Ni ina nan ina yi musu guga. Wandon yana kan igiya, in hadari ya taso Anselmo ya shigar da shi, in rana ta fito ya mayar.